Zuwana Legas na farko: a wace unguwa ya kamata in sauka?

Ɗan Gusau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Legas ciki da waje. In Allah ya yarda zan je a farkon watan Yuli, kuma ban taɓa taka garin ba. Jirgi zan hau daga Kano ranar Litinin, in juyo ranar Asabar. Abin da zai kai ni guda huɗu ne: sayen inbata da batura da farantan sola a Alaba International, kayan waya a Computer Village, leshi da atamfa na shagon maiɗakina a Balogun, sannan ranar Laraba da ƙarfe 8 na safe ina da ganawa a wani ofishin jakadanci a Victoria Island.

Shawarar da nake samu ta rabu gida uku. Wasu sun ce in sauka Agege, tunda nan 'yan'uwanmu suke, ga masallaci ga tuwo. Wasu sun ce Ikeja, saboda kusa da filin jirgi. Ni kuma na leƙa intanet na ga gidajen haya na kwana-kwana a Lekki, masu kyau a hoto, kuɗinsu ma bai kai na wasu otal-otal ɗin Ikeja ba. Aljihuna matsakaici ne, ba na neman alfarma, amma ina son wuta da ruwa da kwanciyar hankali, don zan riƙa yawo da kuɗin mutane. Ina zan sauka? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zaɓi unguwa, fara da sanin yadda garin yake kwance, domin a Legas ba kilomita ake ƙirgawa ba, awa ake ƙirgawa.

Garin kashi biyu ne, ruwa ya raba su. Akwai ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Oshodi da Yaba da Surulere da Festac da Ojo suke. Akwai ɓangaren tsibiri, inda tsohon garin Ikko yake da kasuwannin Balogun da Idumota, sai Ikoyi da Victoria Island, sai Lekki da ta miƙe gabas. Gada uku ce ta haɗa su. Gadar Carter tana tashi daga Iddo ta sauke ka Idumota. Gadar Eko tana ɗauko mutanen Surulere da Costain da Ijora ta zube su Apongbon. Ta ukun, Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta kilomita 11.8, tana farawa daga Oworonshoki ta ƙare a Adeniji Adele. Mafi yawan ma'aikata suna kwana a tudu suna aiki a tsibiri. Don haka daga wajen ƙarfe 6 zuwa 10 na safe duk hanyar da ta nufi tsibiri a cushe take, daga ƙarfe 4 na yamma kuma har bayan isha'i cunkoson ya juya baya. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aikin: ka kwana inda tafiyarka ta safe za ta saɓa wa ta jama'a, ko kuma inda jirgin ƙasa zai tsallake da kai.

Yanzu ka jera wurarenka huɗu. Alaba International tana Ojo, can yamma, a kan hanyar Badagry. Computer Village tana tsakiyar Ikeja, arewa. Balogun da Victoria Island suna tsibiri, kudu. Kusurwa uku ke nan, kuma babu unguwa guda da take kusa da dukkansu. Duk wanda ya ce maka akwai, bai taɓa tashi daga Ikeja zuwa Ojo da safe ba.

Abin da nake ganin ya fi maka shi ne ka raba kwanakin gida biyu.

Litinin zuwa Alhamis ka sauka Festac ko Amuwo Odofin. Festac unguwa ce da aka gina don bikin al'adu na 1977, an tsara ta da lambobi, titunan nan da ake kira Avenue daga na 1 zuwa na 7, don haka baƙo ba ya saurin ɓata, kuma otal na matsakaicin kuɗi yana da yawa. Daga nan idan ka fito titin Badagry da safe ka nufi Ojo, kai kana fita gari ne, jama'a kuma suna shigowa. Za ka wuce Alakija da Trade Fair, ka sauka tashar da ake kira Volks, daga nan ka shiga hanyar da ta kai kasuwar. Wannan guntun na ƙarshe shi ne mai wahala, hanyar ƙarama ce, ga motocin kaya, saboda haka ka isa kafin ƙarfe 9.

Amfani na biyu na Festac shi ne jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023. Yana tashi daga Mile 2 ya tsaya Marina, kilomita 13, tafiyar kamar minti 20. Hanyar da mota kan cinye fiye da awa ɗaya da safe ke nan. Daga tashar Marina, Balogun tafiyar ƙafa ce ko ɗan hawa ɗaya, Victoria Island kuma gada ɗaya ce ƙarama za ka tsallaka. Ba a biyan tsabar kuɗi a jirgin, sai da katin Cowry. Ka saya a tasha tun ranar Talata da yamma ka zuba masa kuɗi, kada ka bari sai safiyar Laraba ka tsaya layi. Katin nan kuma shi ake amfani da shi a bas ɗin BRT, wato manyan bas ɗin nan masu hanyarsu daban a kan titi.

Hattara da wani abu. A layin jirgin akwai tasha mai suna Alaba, amma Suru Alaba ce, ba kasuwar kayan lantarki ba. Kashi na biyu na layin, wanda zai bi ta Trade Fair har Okokomaiko, shi ne zai kusanto da mutum Ojo. Haka Balogun ma biyu ce: ta tsibiri, inda leshi da atamfa suke, da wadda take cikin Trade Fair, wadda ta fi shahara da kayan kwalliya da turare da man shafawa. Berger ma biyu ce, akwai ta bakin gari idan an shigo daga Ibadan, akwai ta wajen Apapa inda ake sayar da motoci. Idan za ka kira mota ta waya, kada ka rubuta sunan kawai ka danna, duba taswirar ka ga inda alamar ta faɗa.

Alhamis da yamma, ko ma da rana kafin cunkoso, ka tattara ka koma Ikeja ka yi kwana biyun ƙarshe. Juma'a ka yi Computer Village a ƙafa idan ka sami masauki wajen Awolowo Way ko Allen ko Toyin, ka yi sallar Juma'a a masallacin sakatariya na Alausa ko wani na kusa, Asabar kuma filin jirgi yana bayan gidanka. Kwanan ƙarshe a Ikeja ba ƙawa ba ce. Tsakanin Mile 2 da Oshodi titi ne da tankokin mai da tirelolin tashar jiragen ruwa ta Apapa da Tin Can suke bi. An sami sauƙi tun da aka kawo tsarin kiran motoci bi da bi a 2021, amma rana ɗaya tirela ta faɗi ko tankoki su yi layi, sai hanyar ta tsaya cik, jirginka ya tashi ya bar ka.

Abu ɗaya kuma game da jadawalinka: kowace Alhamis da safe kasuwannin Legas suna rufe don shara, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 10. Kada ka yi sammakon banza ranar. Ka yi amfani da safiyar wajen ɗaure kaya da lissafi.

Hajiya Mai Leshi ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Baban Khalifa, tsarin ya yi, amma ban yarda da wuri ɗaya ba, wato safiyar Laraba. Ganawar ofishin jakadanci ba irin wadda ake cewa "a yi haƙuri, go-silo ne" ba ce. Idan an ce ƙarfe 8, ana so ka kasance a layi tun kafin lokacin, kuma idan ka makara sai ka sake neman wata rana, wadda ba lallai ta zo kusa ba. Daga Festac sai ka fara neman abin hawa zuwa Mile 2, ka jira jirgi, ka sauka Marina, ka sake neman mota. Hawa uku ne, a watan Yuli, lokacin da ruwan safe yake iya tsayar da garin gaba ɗaya. Ni a ganina, ƙanena, ranar Talata da dare ka kwana a tsibiri. Ɗaki ɗaya na dare ɗaya a wajen Onikan ko Obalende ko bakin Ikoyi ya ishe ka. Ka bar manyan jakunkunanka a otal ɗin Festac idan sun yarda su ajiye maka, ka tafi da takardunka da kayan sawa ɗaya. Ka kuma sani irin waɗannan ofisoshi galibi ba sa bari a shiga da waya ko jaka, don haka masauki na kusa inda za ka bar su ya fi ba wa masu karɓar ajiya a bakin titi.

Obalende tana da Hausawa tun da daɗewa, saboda barikin soja da na 'yan sanda. Barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har aka koma Abuja a 1991, yana nan gefenta. Akwai masallatai, akwai masu shayi da tsire har tsakar dare. Sai dai unguwa ce da ba ta barci, tasha ce babba, ga mashaya a wasu layukan. Ka nemi ɗakin da tagarsa ba ta kallon titi.

Idan kuma ba ka son yawan ƙaura daga wannan otal zuwa wancan, to ka manta da Festac da Ikeja duka, ka zauna Yaba ko Surulere kwana biyar ɗin. Ba su fi kowa kusa da komai ba, amma ba su yi nisa da komai ba. Daga Yaba za ka iya bi ta Oyingbo da Iddo ka hau gadar Carter ka faɗa Idumota kai tsaye, ko ka bi Herbert Macaulay ka shiga Third Mainland ta Adekunle, ka tsallake mafi tsawon gadar. Ikeja kuma da safe kana saɓa wa jama'a ne ta titin Ikorodu. Daga Surulere, gadar Eko tana gabanka, Orile da Mile 2 suna bayanka. Ranar Alaba ce kawai za ka ji jiki, ita ma idan ka fita bayan sallar asuba za ka kai da wuri. Idi-Araba, inda asibitin koyarwa na LUTH yake, tana manne da Surulere, kuma unguwar Hausawa ce sosai, don haka abincin gida ba zai gagare ka ba.

Batun Balogun kuwa, ba kasuwa ce mai katanga da ƙofa ba. Layuka ne da benaye da suka haɗe da juna, daga titin Balogun zuwa Breadfruit da Martins da Nnamdi Azikiwe, inda babban masallacin Legas yake. Mota ba ta shiga da kai ciki da rana. Ka sa maiɗakinka ta turo hotunan abin da take so da adadin yadi tun kafin ka tafi. Leshi yawanci yadi 5 ake yankawa, atamfa turmi yadi 6, babban ɗauri kuma yadi 12 ko 15 gwargwadon kaya. Masu jan hannu za su tare ka tun daga bakin titi, suna cewa su kai ka wurin mai kaya. Duk wanda ya raka ka, ladansa yana cikin kuɗin da za a gaya maka. Ka hau benaye da kanka, masu sari suna sama, na ƙasa galibi masu sayar da ɗai-ɗai ne. Idan ka gama, mata masu dako da babban kwano za su ɗaukar maka zuwa bakin titi. Ku yi ciniki kafin ta ɗora a kai, kuma ka bi ta a baya, kada ka wuce gaba.

Ka bar tsibiri kafin ƙarfe 3 na rana. Idan ka kai 5, Apongbon da Idumota sun riga sun cika.

Na-Agege ya amsa:

Na ga an yi wa Agege shiru kamar ba ta cikin lissafi, bari in faɗi abin da take da shi da abin da ba ta da shi.

Hausawa sun kafu a Agege ne ta dalilin fataucin goro da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911. Har yau akwai Zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai mayankar Oko-Oba, akwai makarantar Markaz ta Shaihu Adamu na Ilori. Mutum zai iya yin mako bai yi wani yare ba sai Hausa. Wanda ya zo sayar da shanu, ko sayen gwanjo a Katangua da ke wajen Abule Egba, ko wanda yake da maigida da zai sauke shi, Agege ce wurinsa, babu gardama. Hanya ma ta gyaru a kan da. Gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, ta rage tsayuwar da ake yi a mahaɗar jirgi. Jirgin Red Line kuma, wanda ya fara aiki a Oktoba 2024, yana tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba ya tsaya Oyingbo. Daga Oyingbo gadar Carter ce kawai tsakaninka da Idumota. Sai dai ba ya tashi a kai a kai kamar bas, zirga-zirgarsa ta fi ƙarfi safe da yamma, don haka sai ka san lokutansa tun ana gobe za ka hau.

Amma gaskiya ɗaya ce: ga irin aikinka, Ɗan Gusau, Agege ba ta dace da kwana biyar ba. Daga Agege zuwa Alaba, ko dai ka gangaro Oshodi ka bi Mile 2, ko ka bi ta Iyana Ipaja da Egbeda da Igando ka ɓulla Iyana Iba kusa da jami'ar LASU. Duka biyun suna cin rai, zuwa da dawowa za su iya cinye maka rabin yini. Idan kana son ka kwana cikin 'yan'uwa, ka mayar da kwana biyun ƙarshe da aka ce ka yi a Ikeja su zama a Agege. Tasha ɗaya ce tsakaninsu a jirgi, ɗaki kuma ya fi araha.

Kada kuma ka ɗauka kasancewar unguwa ta Hausawa yana nufin kowane ɗaki amintacce ne. Kwana a ɗakin 'yan gari, mutum shida ko bakwai a tabarma, ya yi wa wanda ya zo ci-rani, bai yi wa wanda yake ɗauke da kuɗin sari ba. Ba zargin kowa nake yi ba, amma ƙofar da kowa yake da makullinta ba wurin ajiya ba ce. Ka kai ziyara, ka ci tuwo, ka gaisa da manya, ka koma ɗakin da kai kaɗai kake rufewa. Kuɗin ma ka bar su a banki. Alaba da Computer Village da Balogun duk suna karɓar taransifa. Ka je bankinka tun a gida a ɗaga maka iyakar abin da za ka iya turawa a rana, kuma ka riƙe asusu biyu a bankuna daban, don ranar da na'urar ɗaya ta tsaya.

Inda 'yan'uwanmu za su yi maka rana sosai shi ne wajen aika kaya. Batura da inbata da farantai ba kayan jirgin sama ba ne. Batirin sola ya fi ƙarfin abin da ake yarda fasinja ya ɗauka, har ƙananan batura na cajin waya ba a yarda a sa su cikin jakar da ake zubawa a cikin jirgi ba, sai a hannu, su ma da iyaka. Saboda haka kayan Alaba a can za ka yi musu lodi, kada ka kwaso su zuwa otal. A kewayen Ojo akwai masu lodin Arewa. Kafin ka ba da kaya: a gwada inbata a gabanka, a auna kowane batiri da mita, a rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit, a ɗaure farantai a tsaye da kwali ko soso a tsakaninsu, domin idan aka kwantar da su aka ɗora nauyi gilashin yana tsagewa ta ciki ba ka gani. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka da garin da za a sauke a kowane kwali, ka ɗauki hoton motar da lambarta, ka karɓi lambar direba da ta ɗan kamashon da ya yi lodin. Ka tambaya ko motar Gusau za ta wuce kai tsaye ko a Zariya ko Funtuwa za a sauya, don a wurin sauyi kaya suke ɓata. Motocin da suka kawo tumatir da albasa Mile 12 suna karɓar kaya da araha idan za su koma, amma a damina, ba tare da tamfol mai kyau ba, kada ka ba su kayan lantarki.

Injiniya Sola ya amsa:

Babu wanda ya taɓo Lekki, ga shi kuwa nan tarkon yake. Sunan Lekki a talla yana ɗaukar tun daga Phase 1, wadda take manne da Victoria Island, har Ajah da Sangotedo da Ibeju, tafiyar kilomita masu yawa a kan babban titi guda ɗaya, Lekki zuwa Epe. Gidan da ka ga ya fi otal ɗin Ikeja araha kusan tabbas ba a Phase 1 yake ba. Da safe duk mutanen yankin titin nan ɗaya suke hawa zuwa Victoria Island. Daga Ajah zuwa Alaba kuwa ka ratsa garin ne daga gabas zuwa yamma, ka tsallake gada, rana ta ƙare. Ga ƙasar wurin a kwance take, kusan daidai da ruwa. Yuni da Yuli su ne ganiyar damina a Legas, layuka da yawa suna cika har mota ta kasa shiga.

Gidajen kwana-kwana kuma suna da nasu sharuɗɗa. Ana karɓar kuɗin ajiya na ko-ta-kwana bayan kuɗin haya, a ce za a mayar idan ba ka lalata komai ba, kuma mayarwar takan yi jinkiri. Wasu suna ba ka wutar mita ta wani adadi, idan ta ƙare kai za ka saya. Mafi muni, akwai masu ɗora hoton gidan da ba nasu ba a Instagram ko Facebook, su karɓi kafin alƙalami su kashe waya. Kada ka tura wa asusun mutum kuɗi a kan ɗakin da ba ka gani ba. Ga mutum ɗaya mai fita tun safe ya dawo da dare, otal ya fi.

Gwajin da za ka yi wa kowane adireshi kafin ka biya: sa shi a Google Maps, ka zaɓi lokacin tashi ƙarfe 7 na safiyar ranar aiki zuwa inda za ka, sannan ƙarfe 5 na yamma na dawowa. Idan ka duba da dare kana kwance a gida, zai nuna maka minti 25 a hanyar da take cin awa biyu.

Ɗan Gusau ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Na ajiye maganar Lekki. Na fi karkata ga Festac, da dare ɗaya a tsibiri kamar yadda Hajiya ta ce, sannan Ikeja. Saura tambaya biyu. Jirgin da na gani mai sauƙin kuɗi ƙarfe 7 na yamma yake tashi daga Kano, ko akwai matsala? Sannan idan na isa otal, me zan duba kafin in biya?

Baban Khalifa ya amsa:

Sauya tikitin, Malam, ko da ƙari. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, amma jiragen yamma su ne suka fi jinkiri, saboda duk makarar da aka tara tun safe a kansu take sauka. Kana iya tsintar kanka a Ikeja ƙarfe 11 na dare, baƙo, da jaka, za ka Mile 2. Layuka da yawa a Legas suna da ƙofar ƙarfe da masu gadi suke rufewa da dare, direba ya kai ka bakin layi ya ce iyakarsa ke nan. Ka nemi jirgin da zai sauke ka tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Idan dole sai na yamman, to daren Litinin ka kwana Ikeja ko Ajao Estate kusa da filin jirgi, da asuba ka wuce. Ranar komawa kuma ka duba tikiti da kyau, tashoshin jiragen cikin gida biyu ne, MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT, kowane kamfani da inda yake tashi.

Daga filin jirgi ka kira mota ta Bolt ko Uber, ka tabbata lambar motar ta yi daidai da ta wayarka kafin ka shiga. Kada ka dogara da acaɓa yadda aka saba a gida. Tun 2022 an hana su a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Lagos Island, Lagos Mainland da Eti-Osa, daga baya aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe, kuma dokar ta shafi fasinja, ba mai babur kaɗai ba. Danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, ka hau su a cikin tasha inda ake lodi. Wadda ta tsaya maka a gefen titi da asuba ko da dare, da mutum uku ko huɗu a ciki, ka bar ta ta wuce, irinsu ne ɓarayin da ake kira wan-cans suke amfani da su.

A otal kuwa, ka biya dare ɗaya tukuna, kuma sai ka ga ɗakin da idonka. Tambayi awa nawa janareta yake aiki idan an ɗauke wuta. Da yawa suna kunnawa daga magariba zuwa safiya kawai, wasu kuma suna kashe na'urar sanyaya ɗaki idan an koma janareta. Buɗe famfo ka bar shi ya zuba minti ɗaya, ka duba launin ruwan ka shinshina, domin a unguwannin da suke kusa da ruwa, ruwan rijiyar burtsatse yakan zo ja-ja da ƙarnin ƙarfe. Na sha dai ka sayi na gora. Duba bangon ƙasa da katangar gidan, idan ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ruwa yana shiga harabar, ka nemi ɗaki a bene. Gwada sakatar ciki. Tambayi ko akwai mashaya ko gidan rawa a cikin otal ɗin, sannan ka leƙa maƙwabta, idan coci ce a jikin bango ka sa ran kwanan addu'a da lasifika, musamman daren Juma'a. Tambayi ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji, domin akwai VAT kashi 7.5 cikin ɗari da harajin jihar Legas na otal kashi 5, wasu sai wajen biya suke ɗora su. Yawancinsu ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki, don haka ranar Alhamis ka fitar da jakarka ka ajiye wurin masu karɓar baƙi kafin ka tafi Alaba wajen lodi, in ba haka ba su caje ka wani yinin.

Ka taho da darduma da buta ƙarama, ba kowane otal ne yake da su ba a wajen Festac, ka kuma sa takalmin da ruwa ba zai lalata ba.